Bokiti da Baketsu

Ku matso kusa. Amarya, janyo ƙofar nan kada yara su shigo, ke kuma Maman Biyu ajiye wayar haka nan. Tun da na dawo kuke tambayata labarin Japan, ni kuma ina ba ku na sama-sama, jirgin ƙasa mai gudu da titi mai tsabta, irin labarin da ake ba baƙi a falo. Yau da yake mu ya mu ne, ga shi kuma Auta ta ce ita ma tana son gwadawa in ta gama bautar ƙasa, bari in kwance muku bakin jakar gaba ɗaya.

Kun san halin da nake ciki a ƙarshen 2022. Na gama bautar ƙasa, aiki shiru, karatun digiri na biyu sai wata shekara, a gida kuwa kowa ya zuba min ido yana jiran ya ji wa zan fito da shi. Turawa suna da wata al'ada, yaro ya ware shekara guda tsakanin karatu da abin da zai biyo baya, ya je ya ga duniya. Mu ko suna ba mu ba abin ba, wanda ya yi haka zaman banza za a ce yana yi. Wata uku na kwashe ina lallaɓa Baba, sai da Kawu ya sa baki sannan ya amince, da sharaɗin shekara ɗaya tak, kuma duk Juma'a ya ji muryata.

Auta, saurara da kyau a nan. Wanda ya gama sakandare kawai ba zai sami wannan aiki ba, sai da digiri ake ba da bizar. Ƙofa biyu ce. Akwai ta gwamnatinsu, shirin JET, wanda aka fara tun 1987, shi ne mai maiƙo, lokacin da na tafi yen 280,000 suke biyan sabon shiga a wata. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke karɓar kwangila daga hukumomin ilimi na garuruwa su tura musu malamai. Ta nan na bi. Ganawar ɗaukar aikin ma da asuba aka yi min ta intanet, don sun riga mu da awa takwas. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne dokar bizar ta ce mai koyar da harshen waje sai ya nuna ya yi shekara goma sha biyu yana karatu da wannan harshe. Haka na koma firamarenmu da sakandarenmu ina roƙon takardar shaida. Ina tsaye a ofishin hedimasta yana buga hatimi, idona na kan barandar da aka sha sa ni durƙuso saboda na yi Hausa a aji. Ku riƙe wannan barandar a ranku, za mu dawo kanta.

Ƙarshen Maris na 2023 na tashi, azumi bai yi sati ba, daga Kano zuwa Adis Ababa, daga can zuwa Narita. Kilishin da Umma ta ɗaure min dole na bar shi a gida, ba sa barin nama ya shiga ƙasar ko ɗan yanki, har karnuka gare su a filin jirgi masu shinshinar kaya. Garin kuka da na kuɓewa da yaji ne suka wuce bayan an buɗe an duba. Aka tura ni jihar Gunma, arewa maso yamma da Tokiyo, jiha ce da ba ta taɓa teku ko ta ina. Garin nawa ƙarami ne, a kan layin jirgin Ryomo da ya bi ta Takasaki da Mayebashi da Isesaki. In na buɗe taga Dutsen Akagi nake gani, shimfiɗe kamar raƙumi ya durƙusa.

A Afrilu suke fara shekarar karatu, lokacin da itatuwan sakura suka yi fure. Makarantu biyu aka ba ni, ƙaramar sakandare kwana huɗu, firamare kwana ɗaya. Ranar farko tun a bakin ƙofa na cire takalmi na sa na cikin gida, kowa da ramin ajiye nasa, daga shugaban makaranta har ɗan aji ɗaya. Aka tsayar da ni a kan dandamali gaban yara ɗaruruwa, da hijabina ruwan toka, ko tari babu mai yi. Na yi gaisuwar da na haddace, suka sunkuya gaba ɗaya kamar iska ta bi ta kan gero. Maganar sunkuyawar nan ta dame ni kafin in tafi, kun san halina. Da na ga yadda abin yake sai na tsaya a kan ɗan rusunawar da muke yi wa manya a gida, kuma babu wanda ya taɓa cewa ban cika ladabi ba.

Aikina mataimakiyar malami ce. Malamin aji Bajapane ne, shi ke da darasi, ni kuma in ya ce karanta in karanta, yara su maimaita. Minti hamsin kowane darasi, yara sun haura talatin. In na ce musu yaya kuke da Turanci, sai su amsa baki ɗaya da jimlar da aka koya musu, lafiya lau mun gode ke fa, daidai irin waƙar da muke rera wa malamanmu in sun shigo da safe. Amma in na nuna yaro ɗaya na tambaye shi me ya ci da safe, shi ke nan. Zai sunkuyar da kai, ya saci kallon na kusa da shi, kunnensa ya yi ja. Ga shi a lokacin yawancinsu ba su daina sa takunkumi ba ko da yake an sassauta dokar korona, ta yaya za ki koya wa yaro inda zai ajiye harshe alhali ba kya ganin bakinsa? Yaran nan fa in rubutu ne sun iya nahawu fiye da yadda na iya a shekarunsu. Tun 2020 aka mai da Turanci cikakken darasi daga aji biyar na firamare, da yawa kuma in an tashi suna wucewa makarantun ƙarin karatu na dare da suke kira juku. Ilimin yana nan danƙare a ciki, baki ne ya ƙi buɗewa.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Umma. Wata ukun farko kusan kullum sai na yi kuka. Wallahi har na taɓa buɗe jaka na fara ninke kaya. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ɗaga min murya. Shirun ne ya kusa kashe ni. Ofishin malamai mutum talatin, ba ki jin komai sai ƙarar takarda. Ni da na saba ina kwana, ina gajiya, ya mutan gida, ya ƙoƙari, sai ga ni a inda gaisuwa kalma biyu ce an wuce. A jirgi wani lokacin kujerar gefena ta zauna ba kowa alhali mutane na tsaye. Na yi buɗa-baki ni kaɗai a ɗaki ɗan ƙurmitsitsi, da dabino uku da ruwan famfo, ina jin kiran sallar Kano ta waya alhali can ko azahar ba a yi ba, don bidiyon jiya ne nake maimaitawa.

Sannan akwai wani abu da ke cin raina a ɓoye. A wurin horon da aka yi mana an ja mana kunne, kada mu yi Japananci a aji, mu zama kamar waɗanda aka haifa da Turanci a baki. Mu da yawa kuwa ba haka muke ba, akwai 'yan Filifin birjik, akwai na Kenya da Gana. Sai na shiga murɗe harshe ina kwaikwayon muryar kaset ɗin littafi, ta Amurkawa. In zan faɗi kalma mai harafin p gabana ya riƙa faɗuwa, kada bakin Kano ya tona min asiri. Ina shiga aji a tsorace, yara suna zaune a tsorace, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu iri ɗaya.

Abin da ya fara sanyaya min rai abinci ne. Yara a aji suke cin na rana, su da kansu suke rabawa, sanye da farar riga da hula, kowa da kwalin madara, in madara ta yi saura a yi wasan hannu na janken, wanda ya ci ya ɗauka. Ni da kwanona nake zuwa, saboda naman alade yana shiga miyarsu, akwai kuma wani ruwan girki mai barasa da suke kira mirin. Wata rana aka kawo natto, waken soya ne da aka bari ya ruɓa, yana zare kamar yanar gizo. Yara suka zuba min ido, don sun saba baƙi suna toshe hanci. Ina shinshinawa na ce, ai wannan daddawa ce! Na duba kwalin, na ajiye ɗan ruwan miyar da ke ciki gefe, na barbaɗa yajina na cinye tas. Aji ya ɗauki sowa. Ashe su ma mutanen yauƙi ne, har suna gare su, neba-neba. Kuɓewa suna ce mata okura. Da zafi ya shigo kuwa na tarar da lalo a kanti ɗauri-ɗauri, suna kiransa moroheya, kuma Gunma ce kan gaba wajen nomansa a ƙasar. Ranar da na yi miyar lalo da tuwon shinkafarsu mai danƙo, na ci na ƙoshi na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Sai kuma wata dattijuwa mai kula da ɗakin shan magani na makarantar. Kullum in zan tafi ta ce min otsukaresama. Na ɗauka sai an jima ce kawai. Da na duba ma'anar na ga tushen kalmar gajiya ne. Sannu da gajiya take ce min! Ashe tun ranar farko ana yi min ban-gajiya, kunnena ne bai waye ba. Ita ce ta yi magana da mataimakin shugaba aka ba ni mabuɗin wani ɗan ɗaki na ajiyar kaya inda nake sallar azahar, ta kuma share shi da hannunta ta shimfiɗa kwali a ƙasa. Allah ya shirye ta ya saka mata, har yau tana cikin addu'ata.

Maganar kuɗi kuwa, Maman Biyu, na san ke ita kike jira. Albashina bai kai na 'yan JET ba, kuma kafin ya zo hannu an zare na inshorar lafiya da na fansho, ga haya, ga wuta da gas. A watan Yunin shekarar darajar naira ta faɗi, mutanen gida suna juya yen zuwa naira a kai suna ganin na zama Hajiya, waya ba ta hutawa. Ba su san tuffa ɗaya in na juya kuɗinta sai in mayar da ita ba. Watan Agusta da ake hutu kamfanin ya yanke albashin sosai, na kira ina ƙorafi aka nuna min layin a cikin takardar da na sa wa hannu ban karanta da kyau ba. Ya yi min ciwo ƙwarai, don a ranar nake shirin tura kuɗin makarantar ƙanina. Auta, duk takardar da aka miƙo miki ki nemi inda aka yi maganar Agusta da Maris kafin komai. Na dawo da ɗan abin da ba a rasa ba, amma wanda ya je don ya tara dukiya a shekara guda zai dawo da ɓacin rai. Ga zafin Agustan ma, mai ɗanɗanon tururi, ni 'yar Kano sai da na raina kaina. Isesakin nan da ke kusa da mu ita ce ta kai 41.8 a Agustan 2025, zafin da ba a taɓa aunawa a ƙasar ba. A garin ne kuma nake zuwa masallaci in haɗu da matan Pakistan da Indunusiya, in ji ana sallama da ƙarfi.

Yanzu bari in zo kan wata yarinya. 'Yar aji uku ce a sakandaren, tana zama layin taga, gashinta ya rufe mata rabin fuska. Akwai jarrabawar Turanci da suke ji da ita, Eiken, ta ci rubutaccen mataki na uku a Oktoba, saura ganawar baki a Nuwamba. Aka ce in riƙa yi mata gwaji bayan an tashi. Ranar farko na nuna mata hoto na tambaye ta me mutumin nan yake yi. Ta buɗe baki, ta rufe. Na ga hannunta a kan cinya yana rawa, ta danne shi da ɗayan. Muka yi minti guda cur a haka, agogon bango na ƙas-ƙas, 'yan ƙwallon gora na ihu a fili. Sai hawaye ya ɗigo a kan takardar, ta yi saurin gogewa da hannun riga tana ba ni haƙuri.

A nan na gane abin. Kunya ce, irin tamu sak, wadda ke hana yarinya ɗaga ido gaban surukai, ta haɗu da tsoron kuskure a gaban mutane. Na ture takardar gefe. Na karya dokar da aka kafa mana, da guntun Japanancina da Turanci a hankali na ba ta labarin barandar nan. Na ce mata ina aji huɗu malami ya tashe ni in faɗi kalmar da ke nufin mutane da Turanci, p ɗin ya fito min f, aji ya kwashe da dariya, na yi zango guda ban ƙara ɗaga hannu ba. Na ce mata Turanci ba harshen uwata ba ne, da bulala da tara na koye shi, har gobe kuma da Hausa nake mafarki. Ta ɗago ta ture gashin, ranar na fara ganin idonta duka biyu. Ta ce, sensei ma, wato malama ma? Na ce ni ma.

Washegari na roƙi malamin ajin ya ba ni minti goma. Na rubuta bokiti a allo, na ce kalma ce ta harshenmu da muka aro daga Turanci, wa zai canka? Shiru. Na faɗe ta da ƙarfi sau biyu. Wani yaro daga baya ya ce baketsu! Haka suke cewa. Na rubuta burushi, suka ce burashi. Burki, bureki. Tebur, teburu. Tawul, taoru. Kafin in kai ga inji rabin aji na tsaye. Na nuna musu cewa bakinmu da nasu hali ɗaya gare su, ba ma son baƙaƙe su cunkushe, sai mun cusa wasali a tsakani, wasulanmu biyar nasu biyar, muna ja su ma suna ja. Yadda suke hura fu ɗin Dutsen Fuji da leɓe biyu, haka muke faɗin f ɗinmu. Su l da r ke yi musu gardama, ni p da f. Muka yi yarjejeniya, su kama ni in na zame, ni ma in kama su. Da na ce sunan garinmu Kano, 'yan kulob ɗin judo suka hau tafi, don wanda ya kafa judo a 1882 sunansa Kano Jigoro. Daga ranar na daina ara muryar kaset. Malamin ma, da ya fi kowa tsoron yin Turanci a gabana, ya fara tsayar da ni a baranda yana tambayata abubuwa.

Kada ku ɗauka duk suka zama aku. Akwai waɗanda har na taho ban ji muryarsu su kaɗai ba, kuma tsarin jarrabawar shiga babbar sakandare bai damu da baki ba kamar yadda ya damu da takarda, wannan ya fi ƙarfin baƙuwar shekara guda. Amma yarinyar ta shiga ganawarta ta fito, ta ci.

Sanyi ya zo da iskarsa. Akwai wata busasshiyar iska da ke gangarowa daga Akagi, karakkaze, hunturu ce sak har da fasa leɓe da kaushi, sai dai tata da ƙanƙara a baki. Ina tuƙa keke tana mai da ni baya, hijabi na kaɗawa kamar tuta, in na isa in yi alwala da ruwan da ke sa yatsu su ƙage. Ranar 1 ga Janairun 2024 da la'asar ina ɗaki fitila ta fara lilo, kwanuka na ƙara, na shige ƙarƙashin tebur kamar yadda muke gwadawa da yara, ina salati. Girgizar Noto ce, can gefen teku ta yi ɓarna mai yawa ta ci rayuka, mu wutsiyarta kawai ta taɓa. Daren nan Baba ya kira sau huɗu, bai jira Juma'a ba.

Tsakiyar Maris aka yaye 'yan aji uku, azumi ya sake kamawa. Sun yi kuka, malamai sun yi, ni ma ban tsaya ɓoyewa ba. Bayan taro yarinyar ta same ni wajen ramukan takalma, ita da ƙawayenta biyu, ta miƙo min wani kwali mai kusurwa huɗu da hannu biyu, irin wanda suke cikawa da saƙonni in za a rabu. Ta tsaya ta yi min jimla huɗu da Turanci, tana kallon idona, muryarta na rawa amma ba ta tsaya ba har ta kai ƙarshe.

Amarya, miƙo min jakar can ta kan gado. Ga shi nan. Kun ga tsakiya, inda aka zana bokiti da jan alƙalami? Ku karanta abin da ta rubuta a ƙasansa, ita ta tambaye ni yadda ake faɗa tun a Disamba ban san dalili ba. Sannu da gajiya, Malama. Maman Biyu, goge hannunki tukuna, akwai maiƙon cincin, ki kuma riƙe shi ta gefe.